Kurakuran da sababbin masu horas da ƴan mata ke yi kan zancen gwajin jinsi

Duk lokacin da aka zo gasar makarantu a filin Giginya abu ɗaya nake ta gani wurin sababbin malaman wasanni da yaran nan masu rubuta labarin wasa a Facebook, na gaji da gyaran mutum ɗaya ɗaya, gara in rubuta kowa ya gani.

Mafi muni shi ne yanke hukunci da ido. Yarinya doguwa ce, kafaɗa da faɗi, murya da ɗan kauri, ta wuce kowa a mita 400, sai kawai wani ya ɗaga murya wai "wannan ai namiji ne". Wanga kuskure shi ya raba ni da ɗalibar da ta fi kowa gudu cikin waɗanda na horas. Ɗiyar ƙauye ce, ta tashi cikin daka da ɗebo ruwa, jikinta duk ƙarfi, kocin wata makaranta ya ga ta bar yaransa a baya sai ya faɗi maganar nan gaban jama'a, ƴan kallo suka ɗauka, kafin magariba zance ya riga mu isa gidansu. Na je na durƙusa na ce Baba a yi haƙuri, sai ya ce "Malam, ɗiyar nan aure za ta yi, wa zai ɗauke ta da wanga suna?" Takalmin gudun da na saya mata ƙanenta ya kawo min cikin leda. Haba jama'a, ku ji tsoron Allah, saboda kofi ɗaya ka ɓata wa ɗiyar mutane suna a gari?

Kuma ko gwajin asibiti ya sha zaluntar mata balle idonka. Maria Patiño, ƴar tsere ta Sifen, an ce ta faɗi gwajin ƙwayar halitta a 1985, aka kore ta, sai 1988 aka maido mata haƙƙinta, don jikinta ba ya amfani da sinadarin maza ko kaɗan. A gasar Olamfik ta Atlanta 1996 mata 8 gwaji ya nuna suna da ƙwayar halittar maza, duka aka bar su suka yi wasa, a 1999 kwamitin Olamfik ya daina yi wa kowa da kowa gwajin.

Na biyu, cakuɗa wanda ya canza jinsi da wadda Allah ya halitta da bambanci a jikinta. Ƴar tsere Caster Semenya ta Afirka ta Kudu da ƴar dambe Imane Khelif ta Aljeriya mata aka haife su aka rene su, babu wadda ta canza komai. Khelif hukumar dambe ta IBA ta cire ta a 2023, kwamitin Olamfik ya bar ta a Faris 2024 ta ci zinare, amma har yau ina ganin yaranmu na rubuta "ƙato ya daki mace". Ku tambayi malamanku, zancen mata-maza yana nan cikin fiƙihu a babin gado tun da daɗewa, kuma da mutunci suke tattauna shi.

Sai masu kawo tsohuwar doka. Hukumar guje-guje ta duniya ta tsaurara ma'aunin testosteron, wato sinadarin maza, a 2023, daga Satumban 2025 kuma ta kawo gwajin SRY, wato neman ƙwayar halittar maza, da yawun cikin kunci ko jini, sau ɗaya a rayuwa. Ƙwallon ƙafa nata daban, Barbra Banda ta Zambiya ba ta buga kofin Afirka na 2022 ba saboda zancen gwajin jinsi, amma ta buga na duniya a 2023. Duk wannan na manyan gasanni ne, ba na gasar gida-gida ta sakandare ba.

Kada ka kuskura ka ce wata malama ta kai yarinya ɗaki ta duba ta. Ba aikinku ba ne, cin mutunci ne. Ni dai in koke ya zo cewa nake a rubuto a takarda a sa hannu, yawanci nan maganar ke mutuwa, in kuwa an rubuto to da iyaye nake fara magana a asirce, in sun yarda a ga likita mace, sakamako kuma nasu ne ba na ɗakin malamai ba.

Kada a sa hoton yarinya a WhatsApp ana tambaya. Kada a sayo mata ƙwaya a kemis wai don rage sinadari. Yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara al'ada ba a shawarci uwarta su je asibiti, don lafiyarta, ba don gasa ba.