Kurakuran da masu kiwon aku suka fi tafkawa

Duk wanda ya sayi aku, tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai fara magana. Ba mai tambayar abin da ke kashe shi. Na gaji da ganin an kawo tsuntsu gida ana murna, kafin wata biyu a ce wai kambun baka ya kama shi.

Ɗaya daga cikin manyan makasansa hayaƙi ne. Bayan huhu, tsuntsu yana da jakunkunan iska a jikinsa, shi ya sa abin da ya shaƙa ke ratsa shi nan take. Maganin sauro na kunnawa da na feshi, turaren wuta, hayaƙin janareto da na gawayi, duk guba ne a wajensa. Akuna na farko haka ya tafi. Ina kan tafiya aka kunna maganin sauro a falo aka ja ƙofa, da asuba aka tarar da shi a ƙasan keji, ƙafafu a dunƙule. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Kaskon zamani mai rufin Teflon, wanda abinci ba ya manne masa, shi ma in ya yi zafi fiye da kima, tiririnsa na iya kashe shi alhali ke uwargida ba ki ji warin komai ba. Dokar gidana ita ce, kafin a kunna ko a fesa wani abu sai an fitar da keji, kuma ba ya komawa sai ɗakin ya sha iska sosai.

Sai abinci. Haba jama'a, gyaɗa safe gyaɗa yamma? Mai ya yi mata yawa, in kuma ta yi fumfuna tana lalata masa hanta. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya yana saurin rasa sinadarin kalsiyam, sai ka ga yana jijjiga yana faɗowa daga kan sanda, mutane su ce iska ce. Ni ina haɗa masa gero da dawa, karas, gwanda, mangwaro da ganyen zogale, in fitar da shi ya sha hantsi, ba ta bayan gilashi ba. Baƙon da ya gutsura goro zai miƙa masa kuwa, ko surukina ne sai na tare hannun. Goro, shayi, kofi, cakulan da fiya ba nasa ba ne.

Kashe fanka kafin ka buɗe keji. Ɗauke wayar caja, don bakinsa almakashi ne. Da hunturu a riƙa yayyafa masa ruwa da rana. Ashar kuma, wanda ya furta a gabansa zai ji ta ranar da malam ya zo gaisuwa.

Masu kulle shi a ɗan keji a bayan gida, ku ne ke sa shi fige gashinsa da kansa. A daji cikin garke yake rayuwa, kaɗaici na haukata shi. Ni guntun icce da kwali nake ba shi ya yi ta ɓarna, in ba haka ba ƙafar kujera ce za ta biya.

Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi inda aka samo shi. Tun 2016 CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ta yanke haramta cinikin aku mai ruwan toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma irin wannan kamun ne ya kusa ƙarar da su a dazukan Ghana. Ka kuma tanadi wanda zai gaje shi, don yakan haura shekara 40.