Yadda za ka haɗa kayan foyil na lemar iska ba tare da ka sayar da gonar gado ba

Tun da aka shigar da tseren lema da foyil, wato wasan da babbar lema mai kama iska ke jan mutum a kan allo mai fiffike a ƙarƙashin ruwa, cikin gasar Olamfik ta Faris a 2024, samarin ƙauyukanmu na gefen dam ɗin Tiga ke tare ni da waya a hannu: "Yaya, wannan allon da yake tashi sama da ruwa nawa zai ci?" Idan na faɗi kuɗin sai a yi shiru, wani ma ya yi dariya. Na koyi wasan lokacin da nake aikin otal a Paje ta Zanzibar, kuma na ga masu kuɗi da talakawa sun yi asara iri ɗaya. Abin da ya fi cinye su shi ne sayen kaya ba bisa tsari ba.

Foyil ɗin da kansa gida huɗu ne: dogon ginshiƙi da ke manne da ƙasan allo, da sandar da ke kwance a ƙarshensa, da babban fiffike a gaba, da ƙarami a baya mai daidaita tafiya. Sabo na alminiyam yana kaiwa kusan dala dubu, na kabon kuwa, wani abu mai ƙarfi marar nauyi, ya kan ninka haka ko ya fi. Ba a yi maganar lema ba, wadda sabuwarta ta haura dala dubu, ga sandar riƙo da igiyoyi, ga ɗamara, ga allo. Tun da aka saki naira a 2023 lissafin ya koma na miliyoyi. Tsadar ba zalunci ba ce kawai: kabon aiki ne na hannu a cikin tsari, masu saye ba su da yawa, kuma kusan kowace shekara kamfanoni suna sauya fasali.

Abu na farko, kada ka sayi foyil. Sai daga baya. Nemi ƙaramar lemar koyo mai faɗin murabba'in mita biyu zuwa uku, ka fita fako bayan an kwashe amfanin gona, nesa da wayoyin wuta da bishiyoyi, ka yi ta juya ta cikin hunturu har sai kana iya sarrafa ta ba tare da ka ɗaga kai ba. Ita ce mafi arha a duk kayan, kuma ku biyar za ku iya haɗa kuɗi ku saya. Wanda ya gaji a wannan mataki ya tsira da dukiyarsa.

Daga nan sai ka koyi tsayuwa a kan foyil ba da lema ba. Ka yi ciniki da mai kwalekwale mai inji ya ja ka da igiya a hankali, gudun da bai fi na mai keke ba. Kuɗin fetur na safiya uku bai kai kuɗin fiffike ɗaya da za ka fasa kana kokawa da lema da allo a lokaci guda ba. Ka ce masa, "Baba, a hankali dai, kada a ƙara wuta sai na ɗaga hannu," domin su a wurinsu gudu shi ne burgewa.

To, yanzu ga inda na ƙone, kuma a nan nake so ka nutsu. Kowane kamfani, ko Duotone ne ko Slingshot ko F-One ko Cabrinha, yana da irin nasa mahaɗin tsakanin ginshiƙi da sanda da fiffike. Ba sa shiga juna. Har a cikin kamfani ɗaya ma, samfurin bana ba lallai ya hau na shekaru uku da suka wuce ba. Ni da wayona sai na ce bari in tsinci arha: ginshiƙi daga hannun wani Bature da zai koma gida, fiffike daga wani a intanet, sanda daga na uku. A takarda na rage kusan rabin kuɗi. Da kayan suka iso na shimfiɗa su a tsakar gida, ramin sukuru ɗaya bai dace da ɗan'uwansa ba. Na kai wa mai walda a Kano ya huda sababbin ramuka, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma laifin nawa ne. Fiffiken ya ɗan karkace da abin da bai kai kaurin farce ba, kuma a cikin ruwa wannan ɗan karkacewar ta isa ta riƙa jan allon gefe guda tana kayar da ni. A fita ta huɗu sukurun ya ɓalle, fiffiken ya tafi ƙasan Tiga, yana can har yau.

Saboda haka ka sayi gidaje huɗun a haɗe, daga hannun mutum ɗaya, samfuri ɗaya. Kafin ka tura ko kwabo, ka sa ya ɗaure su gaba ɗaya a gaban kyamara, ya riƙe fiffiken ya girgiza. Idan akwai motsi a mahaɗin, bar masa kayansa. Sannan ya kwance kowane sukuru kana kallo. Foyil ɗin da ya sha ruwan teku ba tare da ana wanke shi ba, gishiri yana cin alminiyam a inda ya haɗu da kabon ko sukuru har su manne kamar an yi musu walda, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Ka roƙi ya haɗo maka da sukurai na ajiya da makullinsu, domin irinsu ba ko'ina ake samu a Sabon Gari ba.

Alminiyam za ka saya, ba na son jin wata magana. Ya fi nauyi, amma ɗan koyo ba ya jin bambancin, kuma ruwanmu ba na gishiri ba ne. Ginshiƙi gajere, santimita 60 zuwa 70, ba na 'yan tsere mai kusan mita ɗaya ba. Fiffiken gaba kuma babba mai kauri, wanda ke ɗagawa da ƙaramin gudu. Abin daɗin shi ne irin waɗannan su ne masu wasa ke gaggawar rabuwa da su idan sun ƙware, don haka sun fi arha a gwanjo. Makarantun koyo su ma suna sayar da nasu a ƙarshen kaka. Kuɗin jigila da na kwastan na iya cinye ribar, don haka idan kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje, ginshiƙi gajere yana shiga akwati.

Allo kuwa a gida za a yi. Kafinta mai hankali zai yanka maka shi da falankin da ba ya jin ruwa, a shafe shi da gam mai kauri, a huda ramuka huɗu a ma'aunin milimita 90 da 165, wanda yawancin faifan da ke saman ginshiƙi, inda ake ɗaure shi da allo, ke bi. Amma ka auna naka faifan da kanka kafin a huda. Fiffike dai kada wani ya ce zai ƙera maka da ƙarfe.

Lema ta hannu, ka murza ƙyallenta: idan yana ƙara kamar sabuwar takarda da sauran ƙarfinsa, idan ya yi laushi kamar tsohon zane rana ta gama da shi. Zafinmu yana narkar da gam ɗin bakin hura iska, don haka kada ka bar ta a ɗakin kwano ko bayan mota a watan Afrilu. Guda ɗaya ta ishe ka, tsakanin murabba'in mita tara da goma sha biyu gwargwadon nauyinka, domin foyil ba ya buƙatar iska mai yawa. Igiyoyi da maɓallin sakin gaggawa su kam sababbi. Hular kwano da rigar ceto dole ne, gefen fiffike yana yanka kamar lauje.

Wurin shiga, tambayi masunta inda kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye suke da inda suka kafa taru, a Tiga ne ko a Challawa ta Ƙaraye. Zurfin ya wuce ƙirjinka kafin ka hau. A yankin Haɗeja kachala ta cika ruwa, ba wurin foyil ba ne. Idan hadari ya haɗo a farkon damina, sauke lema nan take, iskar gabansa ba a wasa da ita. Duk wanda ke yawan shiga ruwan dam kuma ya riƙa zuwa gwajin tsargiya. Bayan kowace fita a kwance sukurai, a shanya komai a inuwa, a ajiye fiffike inda awaki da yara ba za su taka ba.