Darasi na Bakwai: Ganawa da Jami'in Biza

Biza izini ne da wata ƙasa take ba baƙo domin ya nufi ƙofarta, kuma ofishin jakadancinta ne yake bayar da shi. Ƙasashe da dama suna duba takardu kawai, amma wasu, musamman Amurka, sukan buƙaci mai nema ya zo da kansa ya tsaya gaban jami'i ya amsa tambayoyi. Ganawar ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, kuma sau da yawa a tsaye ake yin ta, gilashi na tsakaninka da jami'in.

Abin da jami'in yake son ganewa bai wuce abu biyu ba: ko dalilin tafiyarka gaskiya ne, da kuma ko za ka koma gida in wa'adinka ya cika. A dokar shige da fice ta Amurka akwai sashe mai lamba 214(b), wanda ya ɗauki mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama a can, har sai ya nuna ba haka ba ne. Ke nan nauyin hujja a wuyanka yake. Hujjar kuwa ita ce abin da ya ɗaure ka da ƙasarka, wato aiki ko sana'a, iyali, karatu da dukiya.

Shiri yana farawa daga fom. Na Amurka ana kiransa DS-160, ta intanet ake cike shi, da Turanci. Da yawa daga cikinmu wani ne yake cike mana, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Haɗarin yana inda mutum zai bari a aika fom bai san abin da aka rubuta da sunansa ba. Jami'in yana kallon amsoshin a kwamfuta a daidai lokacin da kake magana. Idan fom ya ce mako biyu za ka yi, kai kuma ka ce wata uku, ko ya ce ba ka da ɗan'uwa a ƙasar alhali ƙaninka yana can, to magana ta lalace, kuma ba za a karɓi uzurin cewa mai cikewa ne ya yi kuskure ba. Saboda haka ka sa a karanta maka fom ɗin layi-layi, a fassara maka, ka gyara duk abin da ba daidai ba kafin a tura shi. Ka kuma guji dillalan da suke alkawarin samo biza ko haɗa takardar banki ta jabu, domin babu wanda yake da iko a kan hukuncin jami'i. Wanda aka kama da yaudara, Ingila tana iya hana shi biza har shekara 10, Amurka kuma tana iya haramta masa shiga har abada.

Takardu sun danganta da ƙasa. Ƙasashen Turai na yankin Shengen, wato waɗanda biza ɗaya take shigar da mutum cikinsu duka, alal misali, suna son fasfo da zai ci gaba da aiki aƙalla wata 3 bayan ranar fitarka daga yankin, mai shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, kuma bizar ziyararsu ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180. Ka jera fasfo, takardar ranar ganawa, rasit da hotuna a sama, sauran a ƙasa.

Ran ganawa ka isa da wuri cikin tufafi masu tsabta, ba sai na kece raini ba. Ofisoshi da yawa ba sa barin a shiga da waya ko babbar jaka. Za a ɗauki zanen yatsunka, sannan a kira ka. Ka gai da jami'in a taƙaice, domin doguwar gaisuwa, duk da kyanta, lokacinka take ci. Ka dube shi, ka ɗaga murya yadda zai ji ta bayan gilashi, ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai. In ya ce, "Wa zai biya kuɗin tafiyar?" sai ka ce, "Ɗana ne, ga aikin da yake yi." Kada ka tura masa tarin takardu sai ya nema. In ba ka gane tambaya ba, ka roƙi a maimaita, hakan ya fi amsar kame-kame. Mai buƙatar tafinta kuma ya binciki ƙa'idar ofishin tun kafin ranar.

Idan an hana ka, kada ka yi gardama ko magiya. Ka karɓi takardar da ta nuna dalili ka adana. Kuɗin da ka biya ba ya dawowa, don haka sake nema nan take, alhali babu abin da ya sauya a halinka, yawanci asara ce. Idan kuma an ba ka, ka duba sunanka, lambar fasfo da ranakun da ke jiki tun kafin ka sayi tikiti, ka kuma riƙe takardunka a jakar hannu, saboda jami'in filin jirgin sama yana da ikon sake yi maka tambayoyi kafin ya bar ka ka shiga ƙasar.