Yadda zaka fara fitar da akushi a injin juya katako

Akushin kakata shi ya jefa ni cikin wannan sana'a. Baƙi ne sitik, masassaƙi ne ya fafe shi da gizago tun kafin a haifi babana, har yau idan aka zuba tuwo a ciki sai ya kai dare da ɗuminsa. To ni ban iya gizago ba, amma akwai injin juya katako a shagon da nake koyon kafinta, irin wanda ake fitar da ƙafar gado da ƙafar tebur da shi, sai nace bari in gwada akushi a kai. Abin da zan faɗa maka anan shine abin da naso ace wani ya zaunar dani ya gaya min tun ranar farko.

Kafin ka taɓa makunni ka fara duba jikinka. Babbar riga, kaftani mai faɗin hannu, agogo, zobe, carbi a wuya, duk a cire, ƴar'uwa kuma idan kece zaki koya ki ɗaure mayafinki tamau ki cusa bakinsa cikin riga, domin abin da ke juyawa sau dubu a minti ɗaya idan ya kama tsumma baya saki. Safar hannu ma a ajiye. Gilashin ido kaɗai bai isa ba, ka nemi garkuwar roba mai rufe fuska gaba ɗaya, da takunkumi saboda ƙura. Kuma idan aka ɗauke wuta kana cikin aiki, dan Allah abu na farko ka kashe makunnin, kar wuta ta dawo injin ya tashi da kansa hannunka na kan itace.

Kayan aiki ba sai ka tara da yawa ba. Cizal ɗin kwano guda ɗaya, wato mai zurfin kwari wanda aka yi da sandar ƙarfe zagayayya mai rabin inci, sai makankari mai zagayayyen baki, sai dutsen wasi na inji. Amma ga gargaɗi, kuma wallahi da gaske nake: wannan faffaɗan cizal ɗin da masu ƙafar gado suke rage katako da shi, kar ka kuskura ka sa shi a akushi. Wutsiyarsa da ta shiga ƙota siririya ce, kuma shi akushi a kowane juyi ɗaya sau biyu yake kawo maka kan jijiyar itace, wato wajen da zaren itacen ya yanke, idan ya cafki wannan faffaɗan bakin yana iya karya ƙarfen ya wurgo maka shi.

Itace kuma ɗanye zaka fara da shi. Mutane suna mamaki idan na faɗi haka, amma ɗanyen itace laushi gare shi, yana fita dogo dogo kamar taliya, babu ƙura sosai, kuma sau da yawa kyauta zaka samu wajen wanda ya sare bishiya a gida. Mangwaro yafi min komai daɗi ga mai koyo, sai dai ƙaronsa yana sa wasu ƙaiƙayi, ka wanke hannu. Darbejiya da maɗaci suna fita da kyau, jajaye masu ban sha'awa, amma ƙurarsu ɗaci gare ta zaka ji har maƙogwaro. Ƙirya da marke ka barsu sai hannunka ya faɗa, taurinsu zai dakushe maka cizal kafin kaje ko ina.

Ka yanko gungume wanda tsawonsa ya kai faɗinsa, ka tsaga shi biyu ta tsakiya, kowane ɓari akushi ɗaya kenan. Wannan ɓargon da ke tsakiyar itacen dole ka yanke shi ya fita gaba ɗaya, daga nan tsagewa take farawa. Gefen da ka tsaga, mai shafe ɗin, shi zai zama bakin akushi, gefen ɓawo kuma shine gindi. Ka zana da'ira da kamfas ka rage kusurwoyin da zarto iya yadda zaka iya. Akushinka na farko kar faɗinsa ya wuce inci 6 zuwa 8. Idan kaga tsaga a jikinsa, ko ka ƙwanƙwasa kaji yana amsawa kamar fasasshiyar tukunya, kai shi murhu kawai.

Sai ka ɗaura faifan ƙarfe mai ramuka, wanda ake maƙala itace a inji da shi, a gefen mai shafe da sukurori masu kauri, ka cike duk ramukan, banda baƙaƙen siraran nan da ake kafa silin da su, karyewa suke yi ƙas. Ka ɗora a inji, ka matso da kan baya mai tsinke, wato ƙarfen da ke ɗaya ƙarshen injin, ya tokare itacen. Ka kawo majinginar cizal kusa, ratar kamar kwatan inci, tsayinta kuma ya zama idan ka ɗora cizal bakinsa yana daidai tsakiyar itacen. Ka juya da hannu zagaye ɗaya cikakke kaga babu inda yake bugawa, sannan ka koma gefe ka kunna.

Maganar gudu, akwai lissafin da masu wannan aiki suke bi: faɗin itacen a inci, ka ninka shi da yawan juyi a minti, amsar ta faɗo tsakanin 6000 da 9000. Kenan inci 6 daga juyi 1000 zuwa 1500, inci 10 kuma daga 600 zuwa 900. Wannan ma sai itacen ya zama zagayayye, da farko ƙasa da haka zaka fara. Ka lura da wannan sosai idan injinka ƙirar mai walda ne, yawancin motocin lantarkin da ake sa musu suna juyi wajen 1400 a minti, idan fuli ɗin sama da na ƙasa, wato ƙafafun da bel yake zagayawa a kai, girmansu ɗaya to gudun yayi yawa wajen fara akushi, ka sa a ƙara maka babban fuli a sama. Injin ya fara rawa yana tafiya a ƙasa? Kashe, rage gudu.

Yanzu ga inda duk sirrin yake, kuma nan ne na ɓata wata biyu ban gane ba. Bakin cizal yana da wani shafaffen gangare a bayansa, inda dutse ya ci lokacin wasi. Wannan bayan bakin shi zai riƙa shafar itacen yana bin sawun yankan, shine jagora. Tsarin uku ne kuma a jere suke: ka fara dafa cizal a kan majingina, sai ka bar bayan bakin ya shafi itacen ba tare da ya yanka komai ba, sannan ka ɗaga ƙota a hankali har kaga sassaƙe ya fara fita. Kwarin cizal kar ya kalli sama sak, ka karkata shi ya kalli inda zaka. Ƙotar ka manna ta a ƙugunka ka riƙa tafiya da jikinka duka, ƙafafu a buɗe. Idan kaji sauti sssss mai daɗi kuma sassaƙe yana zubo maka a kan hannu da ɗan sanyinsa to kana kan hanya, idan kuma kaji gaf gaf ko kaga gari yana fita, ko dai bayan bakin ya tashi daga itace ko cizal ya dakushe. Ni da nayi zaton ƙarfi ne ban sa ba, sai in ƙara dannawa, ashe wasi yake so. Yanzu akushi ɗaya nakan je dutse sau uku sau huɗu, daƙiƙa kaɗan kowane zuwa, kuma kullum ina wasawa kafin yankan ƙarshe.

Bayan akushi daga gindi ake yankowa zuwa baki. A gindin ka bar wani ɗan dunƙule zagayayye wanda cok, wato ƙarfen inji mai haƙora huɗu da ke riƙe itace, zai kama, ka yi masa kafaɗa mai kyau yadda saman haƙoran zasu zauna a kai, kuma kar yayi tsawon da zai taɓo cikin cok ɗin. Idan baka da cok, ka bar gindin da kauri ka mayar da faifan can da gajerun sukurori, daga baya ka yanke wajen.

Ka juya shi cok ya kama dunƙulen, ka cire faifan, ka share fuskar ta daidaita. Dabarar da ta cece ni ita ce huda rami a tsakiya da dirili daidai zurfin da nake so, in bar kamar rabin inci a ƙasa, domin akushina na uku na fafe shi har na ɓulla ta gindi, itace mai kyau, ranar naji zafi sosai. Ciki kuma daga baki ake yanka zuwa tsakiya, a gefen hagu inda itacen ke gangarowa ƙasa. Wurin shiga a baki nan ne cizal yake zillewa ya kwarzane maka aiki, saboda bayan bakin bai samu abin dafawa ba tukuna, sai ka kwantar da kwarin ya kalli tsakiya, ka ɗan yi shata ƙarama, sannan ka buɗe shi kaɗan ka wuce. Ka gama inci ɗaya na sama ka kai shi kaurin da kake so kafin ka gangara, kuma kar ka dawo masa, ya riga ya sirance zai riƙa karkarwa. Kana yi kana kashe inji kana lalubawa da yatsu biyu ciki da waje.

Tunda ɗanye ne, kar ka gama shi rana ɗaya. Ka bar kaurin bango kashi 10 cikin 100 na faɗinsa, mai inci 10 ka bar inci 1. Ka shafe shi da farin gam na kafintoci musamman inda kan jijiya yake, ka sa a jakar takarda tare da sassaƙensa, ka ajiye a ɗaki inda rana da iska basa kaiwa. Lokacin hunturu kam ka ƙara kula, na taɓa barin ɗaya a kan inji naje sallar azahar na ci abinci, kafin in dawo ya tsage, tun daga ranar ko minti goma zan tashi sai na rufe shi da leda. Ka riƙa auna nauyinsa duk sati biyu, idan ya daina raguwa ya bushe, yakan ɗauki watanni. Zaka ga ya koma kamar ƙwai, ba komai, dalilin barin kaurin kenan, ka mayar inji ka sake zagaye shi.

Samfefa sai ka janye majingina gefe tukuna, ka rage gudu, ka bi lamba 80, 120, 180, 240 ba tsallake. Idan na cin abinci ne banda fenti da bakin mai, man gyaɗa ma yana canza wari idan ya daɗe. Ni man farafin na kemis wanda ake sha nake narkawa da kakin zuma in shafa da takardar tishu, domin ita idan inji ya kama ta yagewa take yi, tsumma kuwa da yatsanka zai tafi. Ɗan dunƙulen gindin kuma na farko ka cire shi da zarto da cizal ɗin hannu kawai, ka ɗan kwarfe tsakiyar wajen kaɗan yadda akushin zai zauna a tabarma ba tare da yana rawa ba.