Yadda Nake Koya wa Ɗalibaina Karin Maganar Turanci

Abu na farko da nake faɗa wa ɗalibaina shi ne, kada ku bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. In Bature ya ce "it's raining cats and dogs", ba kyanwa ba kare a zancen. Ruwa ne ake yi kamar da bakin ƙwarya. To, ka nemo ɗan'uwansa a Hausa, ka rubuta su gefe da gefe a littafinka. "A piece of cake" abu ne mai sauƙi kamar shan ruwa. "Once in a blue moon" kuwa abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi.

Kada ka taɓa tsarin kalmomin. Kyanwa ce a gaba, kare a baya. Ka juya su, kunnen mai harshen zai ji an yi tuntuɓe.

Inda na fi damuwa shi ne sanin wurin faɗa. Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini takardar ta'aziyya da za ta aika wa malamarta, ta rubuta cewa mahaifin malamar "kicked the bucket". A ƙamus ta gani, ma'anarsa mutuwa. Na zaunar da ita na ce, 'yata, wannan daidai yake da ki ce ya sheƙa barzahu. Muka goge, ta sa "passed away", wato ya riga mu gidan gaskiya. Tun ranar, kowane karin magana sai mun rubuta a gefensa: na raha ne, na ofis, ko na zaman makoki.