Yadda Ake Gano Tushen Siginar Da Ba A Sani Ba A Gajeren Zango

Kun yi ta tambayata yadda nake bin sawun wata ƙara mai maimaita harafi ɗaya na Mos (saƙo da dogayen sauti da gajeru) a gajeren zango. Ga matakan:

1. Samo rediyo mai maɓallin SSB (tsarin karɓa da ke fito da sautin Mos). Ta sauraren labarai ba ta fito da sautin Mos sosai.
2. Ɗaura waya mai tsawon mita 10 a matsayin eriya.
3. Kashe caja da inbata. Hattara: a nan sababbi ke ruɗewa, su ɗauki hayaniyar caja a matsayin sigina daga wata duniya.
4. Bayan magariba, murɗa a hankali zuwa 7509 kHz (a da 7039 kHz ne).
5. Rubuta mitar da lokacin da agogon GMT. Najeriya da Nijar suna gaba da awa 1, kada ka manta ka rage.
6. Naɗi sautin a wayarka.
7. Fassara harafin. Dogo, gajere, dogo, gajere shi ne C, wanda masu sauraro ke dangantawa da Mosko. Gajeru uku kuwa S ne, na Severomorsk, wani gari a arewacin Rasha.
8. Buɗe rediyon intanet ta Jami'ar Twente a Holan, ka saurari mitar. In can ma ana ji, ba daga unguwarku take ba.
9. Sake saurare dare uku kafin ka yanke hukunci.