Takardar ƙasan aikin kwamfuta: kurakuran da ke ɓata mana riguna da yadda ake gyara su

Duk wanda ya daɗe yana aikin kwamfuta, wato surfani da injin kwamfuta, a Garwa ta Kamaru ya taɓa ganin wannan rana. Riga ta fita shago sumul, mai ita ya yaba, ya biya. Bayan wanki ɗaya sai ga shi ya dawo da ita a leda, yadin da ke kewaye da aikin ya tattare kamar bakin jakar da aka zuge. Abin da muka saba yi shi ne mu ɗora wa inji laifi, mu kama murɗa sukurun zare, ko mu ce zaren ne ba mai kyau ba. A abin da na gani a shagona da shagunan abokan sana'a, mafi yawan lokuta matsalar tana bayan rigar, a jikin abin da muka shimfiɗa kafin allura ta fara sauka.

Sunansa ya danganta da inda mutum ya koyi aiki. Waɗanda suka koyo a Kano ko Yola sukan ce takarda ko gam, waɗanda bakinsu ya saba da Faransanci su ce fizlin, daga sunan Vlieseline. Ni takarda nake cewa, ko da yake yawancinta ba takarda ba ce ta gaske, zare ne aka matse ya zama shimfiɗa ba tare da saƙa ba. Aikinta ɗaya ne. Allura tana sauka sau 700 ko 800 a minti, kuma kowace suka tana jan yadi zuwa tsakiyar zanen. Yadi shi kaɗai ba zai iya jure wannan ja ba, takardar ce ke riƙe shi a inda yake.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a sayi nadi ɗaya na takarda mai yagewa a riƙa yin kowane aiki da ita. Tana da arha, tana da saurin cirewa, kuma a kan shadda ko yadin kaftani mai ƙarfi tana yin abin da ake so. Amma da zarar an zo kan tishat, folo ko jesi, labari ya canza. Waɗannan saƙarsu mai talewa ce, kuma ba ranar aiki kaɗai suke buƙatar tallafi ba, suna buƙatarsa muddin ana sa rigar. Takarda mai yagewa kuwa allura ta riga ta huda ta ko'ina, wanki biyu ya isa ta ruguje, a bar aikin a kan yadin da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ni ma a kaina na koyi wannan. Wata shekara gab da bikin 20 ga Mayu, ranar ƙasa ta Kamaru, wata ƙungiya ta kawo mini folo a sa musu tambari a ƙirji. Lokaci ya ƙure, takarda mai yagewa ce kawai a hannuna, na yi da ita. Ranar fareti komai lafiya. Bayan mako biyu shugabansu ya shigo da riga uku a hannu, ya ce, “Maigida, dubi tambarinmu, da'ira muka ba ka, ga shi ya koma ƙwai.” Ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce, na sake musu aikin da kuɗina. Tun daga ranar, duk yadin da aka kawo sai na kama shi da hannu biyu na ja ta tsawo, na ja ta faɗi. In ya tale ya koma, takarda ta almakashi nake sa masa, wato wadda ba ta yaguwa, sai dai a yanke gefenta a bar sauran a jikin rigar har abada. In folon fari ne mai shara-shara, har ana ganin inuwar takardar ta gaba, akwai wata mai laushi kamar raga da aka yi don wannan. A haɗa da allura mai lamba 75/11 mai dunƙulallen baki, wadda ke ratsa tsakanin zaren saƙa maimakon ta tsinka shi. Wannan ya shafi duk ayyukan da ke zuwa mana da yawa a ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, ranar mata ta 8 ga Maris da ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, domin galibinsu riguna ne masu roba.

Sai batun jarida, takardar buhun siminti da leda, da wasu ke sawa a madadin takardar aiki. Ba na zargin wanda ya kai hannu gare su, na san dalili. Takardar aikin daga Kano ko Duwala take zuwa mana, kuma a goman ƙarshe na azumi kana iya zaga kasuwa ba ka samu ba. Haka kuma iyayen gidanmu masu surfani da keken zigizag sun yi shekaru suna sa takarda irin ta jarida, aikinsu kuma yana kyau, saboda hannunsu ne ke tafiyar da yadin, suna jin inda ya fara ja su sassauta. Inji ba ya jin komai. Layin farko da ya zagaye zanen zai yanke jaridar kamar reza, daga nan sauran aikin a kan yadi tsirara yake tafiya. Ga dakushe allura, ga ƙurar takarda da ke taruwa a gidan zaren ƙasa, ga tawadar jarida da ke fitowa a farar shadda da zarar gumi ya taɓa ta. Wanda ya san sallah na tafe ya ajiye nadinsa tun watan Sha'aban.

Akwai kuma waɗanda suka gane cewa takarda na da amfani, sai suka wuce gona da iri. In aiki ya tattare sai su ƙara ta biyu, ya sake tattarewa su ƙara ta uku da ta huɗu, har gaban riga ya zama kamar allo. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, wa zai iya sa wannan a ƙirjinsa ya tafi masallacin Juma'a? Takarda tana da nauyi daban-daban, ana rubuta shi da giram a murabba'in mita. Mai giram 40 ko 50 ta ishi suna ko ɗan fure a aljihu, aiki mai cika sosai kuma yana son mai 70 ko 80. Fale ɗaya mai nauyin da ya dace ya fi tarin marasa ƙarfi. In dole ce ta sa a haɗa biyu, a gicciye su, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, don wasu sun fi yaguwa ta fuska ɗaya.

In an sa takardar da ta dace amma aikin bai daina tattarewa ba, to a koma kan zanen. Mu da yawa muna karɓar fayil ɗin DST, wato fayil ɗin zane da inji ke karantawa, ta WhatsApp daga abokai, zanen da aka tsara don wuyan babbar riga, sai mu rage girmansa a kan inji don ya shiga kaftanin yaro. Girma ya ragu, yawan suka yana nan yadda yake, zare ya cunkushe a ɗan wuri. Babu takardar da za ta ɗauki wannan. A buɗe zanen a manhajar tsara zane ta Wilcom ko makamanciyarta a sake lissafin sukar, tazarar layin cikawa ta tsaya wajen milimita 0.4, a yadi mara nauyi ma a ƙara buɗe ta kaɗan.

Ɗaura firam, wato zoben da ke riƙe yadi a kan inji, shi ne inda yaran shago suka fi yin ɓarna, kuma tsimi ne ke jawo ta. Yaro zai yanko takarda daidai girman zanen ya tura a tsakiya, yana ganin ya taimaki maigida. Takardar da firam bai cije ta ba, ba ta riƙe komai, tare da yadin za ta riƙa yawo. Dole ta fito waje da firam ta kowane gefe da kamar santimita 2 ko 3. Alamar wannan kuskure a fili take: layin da ke zagaye zanen ya sauka a gefe, a ga rata tsakaninsa da cikawar. Na biyu, bayan an rufe firam sai a kama gefen yadi a yi ta ja don ya yi ƙarar ganga. Abin da aka ja zai koma yadda yake da zarar an kwance shi, aikin kuma ba zai koma tare da shi ba, nan tattarewa ke fitowa. A shimfiɗa yadi da takarda a kan tebur, a daidaita sukurun tun kafin a danna zoben ciki, a danna sau ɗaya. In bai zauna ba a cire a sake, kada a gyara da ja.

Shadda tana da nata hali, musamman gezna mai tsada. Firam in ya matse ta yakan bar zobe a jikin sheƙinta, wani lokaci ko mai bugu ba ya iya ɓatar da shi gaba ɗaya. Abin da nake yi shi ne in naɗe zoben ciki da siririn ƙyallen auduga don ya riƙe ba tare da an matse sosai ba. In aikin ƙarami ne, takardar kaɗai nake ɗaurawa a firam, in kwantar da shaddar a samanta, in sa inji ya fara zagaye wurin da dogon ɗinki na wucin gadi wanda zan zare daga baya. Haka nake yi wa karan-miski da wuyan riga da bakin hannu, duk inda firam ba ya kamawa da kyau.

In aiki ya yi nisa ka lura yadi ya fara motsi, ba sai ka kwance ba. Tsayar da inji, ka zura wani fale na mai yagewa ta ƙarƙashin firam, tsakaninsa da farantin allura, ka rage gudu zuwa 500 ko 600, ka ci gaba.

Tawul da karan-miski kuma ta sama suke cin mutum. Gashinsu yana haɗiye zare, ƙananan haruffa su nutse, sunan amarya ya kasa karantuwa. Maganinsa siririyar leda mai narkewa a ruwa da ake ɗorawa a kan yadin kafin a fara, ita ce ke danne gashin. Ba ta maye gurbin ta ƙasa, kowacce da aikinta. Akwai kuma mai kauri irin ta da ake sa wa boyel, gyale da lafaya irin wadda matan Kusiri da Njamena ke yafawa, inda ba a son a ga komai ta baya. Ajiyarta sai da kula a ƙasarmu: da damina tana shan laima ta yi danƙo, da hunturu ta bushe ta riƙa karyewa. A ɗaure ta cikin leda a rufe. Kafin a jiƙa, a yanke duk abin da almakashi zai iya kaiwa, sannan a ɗauraye har sai yauƙin ya fita. Kada guga ya taɓa ta kafin haka, zafi yana sa ta ƙanƙame a cikin zare. Ita kuwa shadda, ba na sa mata mai narkewa ko kaɗan, don ɗigon ruwa yana barin tabo a sheƙinta kafin mai ita ya fara sawa.

Gam na fesawa yana taimako, amma ɗan kaɗan ake so, a kan takarda ake fesawa ba a kan yadi ba, kuma nesa da inji. In ya yi yawa allura za ta yi danƙo, zare ya riƙa tsinkewa kana neman dalili a wani wuri. Mai mannewa da guga kuma tana son matsakaicin zafi da ƙyalle a tsakani. Dutsen gawayi da ya yi jajir yana narkar da gam ɗin ya ɓullo ta gaba, kuma wannan tabon ba ya fita.

Wajen cirewa ma ana ɓata aikin da ya riga ya yi kyau. Mai yagewa ba a fizge ta. Ka danne ɗinkin da babban yatsa, ka yaga a hankali zuwa waje, fale ɗaya bayan ɗaya. Ta almakashi kuma a bar kamar rabin santimita a kewaye, a zagaye kusurwoyin don kada su soki fata. Ka ɗaga takardar sama ka bar rigar tana rataye inda idonka ke ganinta, domin yanka ɗaya a jikin folo ya gama da shi. Kayan jarirai da na yara ƙanana a manna musu laushin shafi a bayan aikin, in ba haka ba uwar za ta dawo ta ce, “Malam, yaron nan ya ƙi sa rigar, wai tana cizonsa.”

Rigar da ta riga ta tattare, in abin bai yi yawa ba, a kife ta a kan tawul mai kauri, a ba ta tururi ta baya, a danna dutse a ɗaga ba tare da gogawa ba, a bar ta ta huce a shimfiɗe. Yadin auduga sau da yawa yana saki da haka. In bai saki ba sai warwara: ta baya ake yanka zaren ƙasa da reza, takardar tana kare yadin, sannan a juya a tsince zaren sama. A yadi mai taushi ramukan allura sukan rufe da tururi. A shadda ba sa rufewa, don haka in za a sake, a ƙara wa zanen girma kaɗan yadda sabon aikin zai hau kan tsofaffin ramukan, kuma a kira Alhaji a nuna masa kafin a mayar da ita kan inji.